Abin da Ke Bayan Faifan Sabo

A Kukar Ɗanliti, can gabas da Zakirai, idan ka ce kana neman Sabo sai a tambaye ka wanne, don akwai Sabo mahauci, akwai Sabon gidan Maigari, akwai wanda ya tafi kudu bai dawo ba. Amma ka ce Sabo Mai Faifai, ko tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida ta san wanda kake nufi, kuma sai ta ja tsaki kafin ta kwatanta maka hanya.

Shi dai Sabo manomi ne ɗan manomi. Gonarsa irin wadda rabon gado ya yanka ya sake yankawa ce, har ta koma kamar tabarmar salla. Tun yana saurayi ya gane ba za ta riƙe shi ba, sai ya shiga birni cin rani, ya samu aikin shara a wani gidan sinima. Shekarun da ya yi a can, shi yana cewa goma, abokan tafiyarsa suna cewa uku. Abin da ba a musu a kansa shi ne ya dawo gida da akwatin talabijin, da na'urar bidiyo, da wani janareta mai tarin tsiya, ya kuma dawo da Turanci. To, Turancin nan, mu faɗi gaskiya, bai wuce na gaisuwa da zagi ba. Sai dai a garin da ba mai jin ko wannan ɗin, Sabo ai farfesa ne.

Ya toshe tagogin zauren gidansu da buhuna, ya jera guntayen giginya a matsayin benci, ya ɗora akwati a kan tsohon turmi. Kullum da an sallame la'asar sai ka ji inji ya tashi, samari su cika zaure, Sabo ya tsaya gefen akwatin yana fassara. Ba ya jin Indiyanci, ba ya jin yaren mutanen Sin, amma bai taɓa rasa abin da jarumi ya ce ba. Kafin Bature ya buɗe baki ya rufe, Sabo ya zuba zance biyar har da addu'a. A bakinsa duk wani jarumi Musulmi ne mai bin iyaye, duk wani mugu kuma ba ya salla. Ka ga ƙato ya ɗauko bindiga ya yi wani gurnani, sai Sabo ya ce, "Ya ce wallahi tallahi sai ya rama wa Inna, in ya so a kai shi gaban alƙali!" Zaure ya ɗauki ihu, kowa ya gamsu.

Maganar faifai kuwa ta samo asali ne tun makon farko. Ana cikin kallo, wani namiji da wata mace suka fara matsowa kusa da juna, fuska na neman fuska, ga kuma yayan matarsa Barira zaune a sahun gaba. Sabo ya waiga hagu ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan faifan kaba da Barira ta rufo masa ƙwaryar fura da shi. Ya fizgo shi ya manna a fuskar akwati, ya ce, "Astagfirullahi! A dakata tukuna." Zaure ya kece da fito da buga ƙafa. Daga wannan rana faifan nan bai sake komawa cikin gida ba. Barira ta yi cigiya ta gaji, Sabo ya ce mata ta haƙura, faifanta ya samu aikin gwamnati.

Faifan nan ya yi wa Sabo aiki biyu. Iyaye suka saki jiki, suna cewa ai Sabo yana rufewa. Samari kuma, don Allah kada ka tambayi abin da ke kawo su. Sabo ba wawa ba ne, ya lura cewa duk fim ɗin da faifai bai hau ba, kashegari zaure a bushe yake wuni. Sai ya shiga ɗaga shi ko babu dalili: mace tana shanya, faifai, Turawa sun zauna a ofis suna dogon zancen da ya rasa ƙaryar da zai ɗinka masa, faifai. Kowa ya zauna yana cika bayan faifan da abin da ke cikin kansa, ya tashi yana cewa kai, wannan fim ya yi zafi. Garin kaf, har waɗanda ba su taɓa leƙa zauren ba, suka haddace abu guda: in faifai ya hau, lalata ake yi.

Ana nan sai shekarun wuya suka zo. Fetur ya ɓace daga gidajen mai, sai a galan wajen 'yan bumburutu, shi ma sai ka yi roƙo. Takin zamani sai labari. Sanƙarau ya ratsa garin da zafi ya ɗebi yara. Damina ta zo, aka yi ruwa guda mai kyau, kowa ya fita ya yi shuka, sai sama ta kulle. Gero ya tsiro ya tsaya yana kallon mutane, ganyensa ya nannaɗe. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadaka, shiru.

To, ka san mutanenmu. In ruwa ya ƙi zuwa, dole a nemo mai zunubin da ya tare shi. Ba wanda ya tuna da takin da aka aiko wa gari ya kwana a gidan Maigari Ja'afaru, ya wayi gari a kasuwa. Ba wanda ya tuna da masu ɗaki cike da hatsi suna jiran ya ƙara tsada. Ido ya tsallake duk waɗannan ya sauka a kan zauren Sabo. Wanda ya fi kowa zafi a kan maganar shi ne Tasi'u, ɗan ƙanen Maigari, wanda duk garin an san ba a taɓa kunna inji ba ya nan ba, amma yanzu ya tsayar da gemu yana cewa a rufe.

Maigari ya kira Sabo ƙofar gidansa, ga dattawa, ga Liman Khalilu. Liman tsoho ne siriri, mai makarantar allo, yana noma gonarsa da hannunsa. Ba shi da yawan faɗa, amma ba a yi masa ƙarya sau biyu. Sabo ya durƙusa, gumi na bin bayansa, don ya san in aka rufe zauren nan ba abin da ya rage masa sai gonar da ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinta ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Maigari, "wallahi fina-finaina wa'azi ne. Mugu ba ya taɓa ƙarewa lafiya. Abin da bai dace ba kuwa, kowa shaida ne, rufewa nake."

Liman ya ɗaga kai ya ce, "To, ai ba a yanke wa mutum hukunci da ji. Ranar Talata bayan la'asar za mu zo. Ka sa mana wanda ka fi yarda da shi. In wa'azi ne, ka ci gaba da sana'arka. In ba haka ba, ka kulle."

Sabo ya koma gida ya zazzage kaset ɗinsa. Wannan rawa, wannan duka, wancan rawa da duka. Ina wanda za a sa wa Liman? Kashegari ya hau motar birni, ya je wurin wani mai sayar da kaset a bakin kasuwa, ya ce a ba shi fim ɗin addini, wanda ba rawa, ba mace a buɗe. Mutumin ya laluba ƙasan kwali ya zaro wani, ya kaɗe shi, ya ce, "Wannan tun daga farko har ƙarshe zancen Allah ake yi." Kuma bai yi ƙarya ba, bawan Allah. Sabo ne dai bai tambaya ba, addinin su wa.

Fetur ɗin da ya samu na kallo ɗaya ne tak. In ya kunna ya duba, ranar Talata ba abin da zai tashi inji.

Barira ta ce, "Malam, yanzu haka za ka sa wa manya abin da ba ka gani ba?"

"Ke, rabu da ni," in ji shi. "Wane fim ne ya taɓa fin ƙarfin bakina?"

Ranar Talata zaure ya ga abin da bai taɓa gani ba: manyan riguna a sahun gaba. Baba Sama'ilu, wanda ya fi kowa tsufa a garin, wanda kuma da bakinsa ya ce a cinna wa zauren wuta, shi ya riga kowa zuwa. Ya zaɓi gungumen da ya fi kusa da akwati, ya ciro tabaransa mai ɗaure da zare ya goge shi da bakin riga, ya goge ya sake gogewa. Samari suka cushe a baya har bakin ƙofa. Sabo ya yi bisimilla ya ja igiyar inji, faifai na rataye a ƙusa kusa da hannunsa.

Fim ya buɗe da wata tsohuwar Baturiya kwance a gado, ba lafiya, 'ya'yanta maza biyu a kanta. Babban da farar rigar likita, ƙaramin rungume da wani littafi. Suka fita falo suka kama gardama. Ƙaramin yana nuna sama da yatsa, babban yana girgiza kai yana dariyar raini. Sabo ya kasa kunne, ya tsinci sunan Ubangiji da Turanci, wanda yana cikin 'yan kalmomin da ya dawo da su daga birni. Nan take ya gane: ɗaya yana cewa akwai Allah, ɗaya yana cewa babu. Wani sanyi ya ratsa shi. Alhamdu lillahi, kasuwa ta yi kyau!

"Jama'a," ya ce yana gyara tsayuwa, "wannan ƙaramin Bature ne da ya musulunta, sunansa Abdullahi. Wancan yayansa ne, Dakta Babu, boko ya cinye masa kai. Ku ji abin da yake faɗa."

Ya fara da hankali. Dakta ya ce shi magani ya sani, allura ya sani, abin da bai gani ba bai yarda da shi ba. Dattawa suka yi ta jan a'uzu billahi. Amma Baturen nan ya ƙi yin shiru, sai zuba yake yana buga tebur, dole Sabo ya nemo abin da zai cika masa baki, kuma abin da ke kusa shi ya ɗauko. "Ya ce an yi shuka, gero ya fito ya ƙone a tsaye! Ya ce wanda ya ɓoye hatsi yana ta ƙiba, wanda ya sayar da takin talakawa ya sake rufin kwano, mai sahun gaba a masallaci kuma yaransa suna kwana da ruwan kanwa! Ya ce ina adalcin yake?"

"Haka ne, wallahi!" in ji Baba Sama'ilu da ƙarfi. Sai ya ga kowa ya juyo yana kallonsa. "A'uzu billahi! Wai nufina, haka ya ce, la'ananne."

Maigari ya gyara zama, ya shiga duban rufin zaure kamar yana neman inda yake yoyo.

Da Abdullahi ya karɓi magana, Sabo ya zuba masa duk abin da ya taɓa ji a tafsirin azumi. Duniya gidan jarrabawa ce. Wa ya halicci hannun da kake yin allurar da shi? Wa ya koya wa jariri kama nono? Zaure ya ɗauki kabbara. Sabo ya saci kallon Liman, ya ga yana gyaɗa kai a hankali. A ransa ya ce shi ke nan, zaure ya tsira.

Sai Abdullahi ya ɗauki littafinsa ya fita. Ya bi wani titi, ya nufi wani dogon gini mai tsini, hoto ya fara hawa sama yana bin ginin. Sabo ya zauna a birni, ya san Sabon Gari, ya san abin da ake kafawa a kan irin wannan tsinin. Kafin gicciyen ya gama bayyana, hannunsa ya yi abin da ya saba: faifai ya hau.

Daga sahun baya wani ya saki fito, sauran suka ɗauka. Dattawa suka kalli juna. Su ma ai sun san ma'anar faifai, wa bai sani ba? Kuma kamar da gayya, sai muryoyin mata suka tashi daga bayan faifan, suna waƙa, suna tafi, ga wani kiɗa mai daɗi yana bin su.

"Ya tafi... ya tafi ziyara ne," in ji Sabo.

"Ziyara?" in ji Baba Sama'ilu, yana leƙen gefen faifai. "Da mata da tafi? Kai, yaro, mu ma mun yi ƙuruciya."

Daga nan fa abu ya lalace. Fim ɗin nan kamar an yi shi ne don a kashe Sabo. Dakta Babu, wanda ya ce babu, shi ne ke kwana a kujera gefen gadon uwarsa. Shi ke ɗaga kanta ya ba ta ruwa, shi ke juya ta, shi ke goge mata baki in ta yi amai, shi ke matsa mata ƙafa. Ko sau ɗaya faifai bai hau kansa ba, don ba abin rufewa. Abdullahi kuwa, da ya gama gardama sai ya ɗauki littafi ya nufi dogon gini: faifai, mata, tafi. Ya dawo, ya yi wa yayansa wa'azi, ya sake fita: faifai. Can kuma ya durƙusa a gaban gadon uwar, ya sa hannu a wuyan riga ya fara zaro wata sarƙa. Sabo ya san abin da ke jikin sarƙar, ya manna faifai.

"A gaban uwar tasa?" wani dattijo ya yi kururuwa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Gardamar ta fito daga cikin akwati ta zauna a zaure. Wani ya ce duk kirkin Dakta na banza ne, aikin da ba imani ba shi da lada. Baba Sama'ilu ya ce shi ladan Dakta bai dame shi ba, shi dai in ya kwanta ciwo a samu mai ba shi kunu. Ya ƙara da cewa in za a ba shi zaɓi cikin yaran nan biyu, a ba shi Daktan, ya koya masa salla daga baya. Aka ce Baba ya yi istigfari, ya ce ya yi, amma dai a ba shi Daktan. Wani ya ce ba yadda za a yi wanda bai san Allah ba ya san haƙƙin uwa, akwai dai abin da yake nema, wataƙila gado. Aka ce to mai littafin fa, me yake nema a bayan faifai? Tasi'u ya miƙe tsaye yana nuna akwati. "Kun gani ko? Abin da ake koya wa yaranmu ke nan! Mai ambaton Allah shi ne ɗan iska, wanda ya ce babu shi ne mai tarbiyya!"

Liman dai ya daina gyaɗa kai, shi ke nan.

Sabo ya tsaya, hannu ya sage da riƙon faifai, riga ta jiƙe. Tsoro ne tsantsa ya kama shi. In ya sauke, ya kawo coci cikin zaure ya zaunar da Liman a gabansa, bayan ya rantse fim ɗin Musulunci ne. In ya ci gaba da rufewa, fim ɗinsa yana shaida cewa mai imani fasiƙi ne. Ya gwada ɓata Dakta, ya ce abin nan da yake kurɓa a kofi giya ce. Ba wanda ya saya. Kowa na ganin tururi na tashi, kuma in giya ce, ina faifai?

Can tsohuwa ta cika. Dakta Babu ya kifa kai a kan gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro, har wasu dattawa suka shiga share ido da hannun riga. Abdullahi ya dafa kafaɗarsa, ya kama hannunsa, ya ja shi waje. Suka bi titin nan. Dogon gini ya bayyana. Faifai ya hau, mata suka ɗauki waƙa.

Zaure ya yi wani irin nishi. "Shi ma ya ja shi!" "Ko sadakar uku ba a yi ba!" Baba Sama'ilu ya dafe kai yana cewa, "Wayyo Dakta, kada ka shiga, kada ka biye masa!"

"Tuba ya yi!" Sabo ya kwarma ihu. "Jama'a, ku yi kabbara, shahada yake karɓa!"

Ba wanda ya yi kabbara. A cikin shirun nan Liman Khalilu ya yi gyaran murya.

"Sabo."

"Allah gafarta Malam."

"Tun yaushe aka fara rufe shahada da faifai?"

Sabo ya buɗe baki. Bakin da bai taɓa rasa abin da Ba'indiye ya ce ba, yau ya rasa nasa.

"Sauke," in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, don Allah..."

"Sauke, mu gani."

Ya sauke. Duk zauren ya miƙa wuya, Baba Sama'ilu har ya tashi daga kan gungume. Ga maza biyu cikin kwat, maɓalli har wuya, sun durƙusa, kai a sunkuye, hawaye na zuba. Ga gicciye babba a bango. Ga matan da aka sha jin muryarsu: yawanci tsofaffi ne masu tabarau, cikin dogayen riguna har ƙasa, kowace riƙe da littafi. Ba abin da ake ji sai waƙarsu da tarin janareta.

Baba Sama'ilu ya cire tabaransa ya duba shi, ya mayar. "Shi ke nan?" ya ce. "Wannan ne?" Wallahi da ka ji muryarsa ka san ba don wannan ya goge tabarau ba.

Daga can baya wani saurayi ya ce, "To, duk shekarun nan da muke fito..." Bai ƙarasa ba fetur ya ƙare, inji ya yi tari biyu ya mutu, akwati ya yi baƙi. Aka janye buhun taga ɗaya, hasken yamma ya shigo ya sami kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Tasi'u ya fara, "Coci ne! Wallahi coci ya kawo mana..." Liman ya ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

"Na san coci ne," in ji Liman. "Ina wucewa ta gabansa in na shiga birni. Addininsu daban, namu daban, abin da suka yarda da shi ba mu yarda da shi ba, kuma ba yau muka san haka ba. Da ka bar mu mun gani tun farko, da sai mu ce ka kashe, kowa ya kama gabansa, a ce an cuce ka a kasuwa." Ya dubi Sabo. "Amma ka zaunar da mu, da furfurarmu, muka wuni muna yi wa mutum ƙazafi yana kan ibadarsa. Muka haɗa da tsofaffin mata. Ni kaina na zarge shi a zuciyata, na tsine masa. Wannan kayan ka ɗora mana, ga shi muna neman ruwa."

"Allah gafarta Malam, don in kare idonku na rufe."

"A'a. Don ka kare zaurenka ka rufe." Liman ya tattara rigarsa ya miƙe. "Ka kulle shi."

Haka aka yi. Ba a doke shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. Abin da ya fi yi masa ciwo ma ba hukuncin ba ne, samarin nan ne da ya yi shekaru yana shayar da su daɗi, suka fita ɗaya bayan ɗaya ba mai ce masa sannu, wasu har da harara, kamar waɗanda suka gano an daɗe ana sayar musu da madarar da aka tsinka da ruwa.

Ba a jima ba Tasi'u ya zo har gida da sallama da tausasa murya, ya ce tun da kayan sun zama na ajiya, bari ya taimaka ya rage masa su. Yunwa ta riga ta shigo gidan, Sabo ya sayar a yadda aka taya. Ruwa kuma ya sauko, kamar yadda yake saukowa in lokacinsa ya yi, duk gari aka ce ka gani ko, ashe zauren ne. Kafin a yanke gero Tasi'u ya kafa rumfa a bayan gidan Maigari, ya ce ta kallon ƙwallo ce kawai. In an tashi ƙwallo sai a sa fim, ba mai fassara, ba mai rufewa. Liman ya je ya yi magana, ya sake komawa, Maigari ya ce ana dubawa. Har Liman ya koma ga Mahaliccinsa ana dubawa.

Faifai ya koma hannun mai shi. Barira ta juya shi ta ga zafin akwati ya gasa tsakiyarsa, kabar ta yi ja ta bushe. Ta zuba ɗan geron da aka samu ta ɗaga za ta yi bakace, tsakiyar ta ɓarke, gero ya watse a ƙasa kaji suka rufa masa. Ta durƙusa tana tsincewa. Sabo da ke zaune a bakin ɗaki ya ji kunya irin wadda bai ji ba ko a gaban Liman.

Yanzu rake yake sayarwa a baro, yana zagaya gari, furfura ta cika masa kai, sunan dai bai bar shi ba. Wata ranar kasuwa da yamma ya turo baronsa ta bayan gidan Maigari, iska ta ɗaga labulen rumfar Tasi'u. Ya hango akwatinsa, nasa na da, har da tsagar da ke gefensa. A ciki wani namiji da wata mace sun matso kusa da juna, fuska na neman fuska, ga 'ya'yan mutane zube a ƙasa sun saki baki.

Bai san lokacin da ya saki baro ba. Hannunsa ya fizge hular kansa ya ɗaga ta sama, saitin akwatin, bakinsa ya ce, "Astagfirullahi! A dakata tukuna."

Ba wanda ya waiwayo. Daga inda yake tsaye a titi, idonsa kaɗai hular ta rufe. Ya daɗe a haka, rake na gangarowa daga baro yana faɗawa cikin kwata, sannan ya mayar da hularsa ya sunkuya yana tsincewa.